Dangin Waɗanda Ba Sa Mutuwa

Tsibirin Bukasa, Fabrairu 1998

Ɗana Bukenya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da mahaifiyarka, da ciwon ƙafar nan tata. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ya kama rabin ajina, ni ma ya ɗan taɓa ni ya wuce.

Rabona da kai tun jana'izar babanka Matovu, lokacin da kake laɓewa bayan zanen uwarka. Ni da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, saboda haka ko ka so ko ka ƙi ni gwaggonka ce, gwaggo kuwa ba ta neman izini kafin ta sa baki.

Kawooya, mai rumfar kallo ta bakin ruwa, ya dawo daga Kampala da labarin cewa ka zama muryar fim, kuma kaset ɗinka na nan tafe. Yanzu duk tsibirin nan an ɗauka ka iya Sinanci. Nanfuka mai bandar kifi ta rantse har China ka je. Ɗalibaina sun dame ni in tambaye ka yadda ake cewa ina kwana da yarensu. Ni kaina na daɗe ina zaton mai wannan aiki maimaita maganar 'yan fim kawai yake yi, kamar aku. Sai wata rana na leƙa rumfar, na ji wani Basine mai dogon gashi yana kukan tsadar matoke, ayabar dafuwar nan tamu, a kasuwa. Daga nan na san da sauran bayani.

To, ka yi mini bayanin. Yaya ake yin sa? Wane fim ne? Ka rubuto da kyau, don zan karanta wa yara a aji. Ka kai wasiƙar bakin ruwan Kasenyi, ka ba mai kwalekwalen Bukasa, ya san ni.

Gwaggonka,
Tereza Nalubega

*

Katwe, Kampala, Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi. Mama ta samu sauƙi, har ta koma kasuwa. Ta yi murna da kika tuna da mu.

Ki faɗa wa Nanfuka ban taɓa wuce Jinja ba. Aikin a ɗan ɗaki ake yin sa, da na'ura biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya na ɗauka. A ƙasan hoto akwai rubutun Turanci, rabinsa gurgu ne. Ina karantawa, in rage muryarsu, in faɗi abin da ya dace da yarenmu, in saki. Dokar farko da maigidana Hajji Ssentongo ya koya mini ita ce ba a magana a kan ƙarar takobi. Mutane sun zo jin ta ne.

Na daɗe a shagonsa ina juya kaset da manna takarda. Wannan ne fim na farko da ya bar mini ni kaɗai. Al'adarsa, sabuwar murya tsibirai yake fara turawa, don ya ce masunta da rana suke kallo, idonsu biyu, kuma ba su iya ɓoye ra'ayi ba. In tsibirai suka nemi kashi na biyu da muryata, na zauna a kujerar. In ba su nema ba, a ba wani, in koma juya kaset. Ga yadda nake ciki, Gwaggo. 

Na sa wa fim ɗin suna Waɗanda Mutuwa Ta Manta. Wasu mutane ne ke zaune a kan duwatsu can saman girgije, ba sa tsufa, ba sa mutuwa, suna taka takobi ya tashi da su. Akwai saurayi da budurwa, malaminsu ɗaya, suna son juna, Sarkin Sama ya hana. Dalilinsa? Turancin bai ce komai ba sai wai dokar sama. Sunayensu na karya harshe, sai na ba su namu na gida. Ba zan faɗa miki ba, ki ji da kunnenki.

Kaset ɗin da wannan wasiƙa kwalekwale ɗaya za su hau. Don Allah ki je ki zauna a baya, ki rubuto mini abin da mutane suka ce, kar ki sa masa zuma.

Ɗanki,
Bukenya

*

Bukasa, Maris

Bukenya,

Lafiya muke. A tsaye nake rubutu, mai kwalekwale ya tayar da inji yana mini ihu.

An nuna jiya. Rumfa ta cika har da masu leƙe ta ramin katako. Ba a kai rabi ba dattijon nan Mzee Nsubuga ya tashi ya rufe talabijin da hularsa. Aka kashe. Kowa ya fita waje, ihu kamar ana rabon gado. Yaro, wa ya ba ka sunayen nan? Sauran bayani na biyo kwalekwalen gaba.

Gwaggo

*

Katwe, Afrilu

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Kwalekwalen gaba ya zo ko bai zo ba, ban sani ba. Na je Kasenyi har masu ɗaukar kaya sun fara ce mini ɗan jiran gawon shanu. Ba wasiƙa. Na gane, Gwaggo. Kin rasa yadda za ki faɗa mini ne, kuma ba sai kin wahalar da kanki ba. 'Yar takardar nan taki na karanta har ta yage a ninki. An kashe, kowa ya fita. Me ya rage?

Kin tambayi sunaye. Mubiru mai babur ne da ke kai ni shago, ko ba ni da ko sisi. Nansubuga ita ke sayar mana da abinci a bakin titi, tana ƙara mini wake. Na so in faranta musu rai ne kawai. Ashe mutanenku sun fi son sunan da ba su iya faɗa. Da na sani da na bar musu cing-cong ɗinsu.

Na gaya wa Hajji an kashe kaset ɗinsa a tsakiya, na ce ya ba wani kashi na biyu. Ya nuna mini tarin kaset ɗin da ke jiran juyawa. Ƙarshen wata wani zai shiga ɗakin.

Abin da ya fi ci mini rai, na riga na kalli kashi na biyun, kuma ya fi na farko. Sarkin Sama ya ɗaure saurayin a ƙarƙashin dutse. Budurwar ta je bakin wani rami da ke ƙarshen sama ta faɗa. Duk wanda ya faɗa ramin nan rashin mutuwarsa ya ƙare. Sai a sake haihuwarta jaririya a duniya, a gidan wani maginin tukwane, ta girma ba ta tuna komai. Shi kuma ya fasa dutsen ya sauko yana nemanta gari gari, har su yi aure. Na ma shirya abin da zan faɗa a wurin ramin. Yanzu sai dai in faɗa wa bango.

Mama ta ce akwai wani mai neman yaron mota zuwa Busia. Ina tunani.

Bukenya

*

Bukasa, Afrilu

Ɗana,

Lafiyata ƙalau, ranka ne ba lafiya, kuma ni na jawo da 'yar guntuwar takardata. Doguwar na rubuta washegari. Injin kwalekwale ya mutu, da aka gyara kuma ruwa ya haukace, aka dawo mini da ita a jiƙe, tawada ta zama miya. Taka ta iso yau. Ajiye maganar Busia, ka zauna ka karanta.

Ba a ƙi sunayen gida ba. Amma kowane dangi da nasa sunayen. Mubiru sunan dangin Gaiwa ne. Nansubuga ma sunan dangin Gaiwa ne. Ka san mu 'yan dangin Mazo ne, kuma ka san ba za ka taɓa kallon wata Nalubega ko Namatovu da idon aure ba, don ƙanwarka ce ko daga ina ta fito. To haka su ma. Ka ɗauki wa da ƙanwa ka sa su suna kallon juna a ƙarƙashin bishiya mai furanni, a tsibirin da rabin mutanensa Gaiwa ne, a gaban Mzee Nsubuga, babbansu a nan. Kuskure ne, ba zan shafa masa mai ba. A gidan haya na birni ka tashi, ba wanda ya zaunar da kai ya jera maka dangogi, amma mai raɗa suna tambaya yake yi.

Ga abin da ya faru. Da farko ana ta tafi. Da saurayin ya taka takobi ya tashi, wani masunci ya ce, "Wannan ba ruwansa da kuɗin fetur!" Sai ga wurin riƙe hannu, muryarka ta ce, "Nansubuga, ko sama za ta tsage ba zan sake ki ba." Mzee ya miƙe.

"Kawooya, kashe abin nan. Mubiru ɗana ne, Nansubuga 'yata ce. A gabana?"

"Haba Mzee, 'yan China ne fa!"

"Ɗan China ne ya raɗa musu suna?"

Nanfuka ta ɗago daga benci ta ce, "Mzee, mutum ya hau takobi ya tashi sama ba ka ce komai ba, sai riƙe hannu ne ya tsaya maka a wuya?"

Ya ce, "Tashi sama ba abin kunya ba ne."

A waje aka ci gaba. Samari suka ce wanda ba ya mutuwa ba shi da magaji, wanda ba shi da magaji ina ya ga dangi? Mzee ya ce duk mai suna yana da dangi, ko a bisa girgije yake kwana. Wata tsohuwa ta ce ita tausayin yarinyar take ji, ba ta da gwaggo a saman ne da za ta ja mata kunne? Da rana ta yi sanyi kowa ya matsu ya ga ƙarshe, aka koma ciki aka kunna.

Tun ranar Kawooya bai nuna wani fim ba. Ya gwada sa na 'yan dambe, aka yi masa ihu ya mayar. Benci ya rabu biyu, dama na Sarkin Sama, hagu na masoya. Kai ka ce dokar sama ba ta da dalili, mutanen nan sun samo mata. Sarkin da ka yi wa muryar mugu, da ya fito sai dama ta ɗau tafi, Mzee yana cewa, "Ga mai tarbiyya ɗaya a duk garin!" Kullum da kujerarsa yake zuwa. In an zo riƙe hannu sai ya juya wa talabijin baya, yana tambayar na kusa, "Sun saki?"

Kana ganin wannan fim ne da aka ƙi? Mutane da yawa na zaton shiru a rumfar kallo shi ne yabo. Na yi shekaru ina koyarwa, ajin da ya yi tsit shi nake tsoro.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kawooya na son kashi na biyu kamar ya yi kuka. Mzee kuwa ya ce in aka ɗaura auren nan, ba ɗan Gaiwa da zai ƙara taka rumfar, kuma in ya faɗa ya zauna. Don haka Kawooya ya ce ba zai karɓi kaset ɗin da zai rufe masa rumfa ba, ko muryar wa ke ciki.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka da kanka, wurin ramin. Zan yi maka tambaya ɗaya irin ta aji, ba zan ba ka amsa ba. Jaririyar da aka haifa a gidan maginin tukwane, dangin wa take ɗauka?

Tashi ka je wurin Hajji kafin wata ya mutu.

Gwaggonka

*

Katwe, Mayu

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya.

Wasiƙarki ta same ni ina ɗaure kaya. Da gudu na je shago, na tarar wanda aka ba aikin ya riga ya zauna a kujerar yana gyara murya. Na karanta wa Hajji wasiƙar. Ashe bai ma kalli aikin nawa ba. Ya dafe kai ya ce, "Wa da ƙanwa? A kaset mai sunana?" Sai ya fara dariya har hularsa ta faɗi. Da ya gama ya ce zai ba ni ɗakin sau ɗaya. In kaset ya dawo daga tsibiri, in bi shi in koma can in kama kifi.

Ban shiga ɗakin ba sai da na je wurin wata tsohuwa mai sayar da ganyen magani, maƙwabciyar Mama. Na saya mata shayi, ta jera mini dangogi da sunayensu, tana dungure mini kai duk inda na kuskure. A wurinta na ji wani abu da ba ki tambaye ni ba, wani tarko ne na daban. Na yi masa dabara, ban san ko za ta ci ba.

Kaset na hannun mai kwalekwale. Ki zauna inda za ki ga fuskar Mzee. Kuma Gwaggo, duk abin da kika ji, kar ki yi fushi da ni. In kin rubuto, don Allah ki rubuta duka a takarda ɗaya.

Bukenya

*

Bukasa, Yuni

Ɗana Bukenya,

Muna lafiya, ruwa ya kwanta, kifi ya samu. Ga shi duka a takarda ɗaya.

Kawooya ya so ya kalla shi kaɗai tukuna, aka ƙi, wai zai sayar da labari. Sai da aka cire katakon bango ɗaya don mutane su samu wuri. Mzee ya kafa kujerarsa a gaba, hula a gwiwa, a shirye.

Da yarinyar ta faɗa ramin ba wanda ya yi tari. Abin da ka shirya faɗa a wurin, ka faɗe shi da kyau, Nanfuka ta jiƙe bakin zanenta. Sai ga jaririya a hannun maginin tukwane. Muryarka ta ce, "Nansubuga ta mutu, 'yan Gaiwa sai haƙuri. Wannan 'yar mai tukwane ce, uban ɗan dangin Mazo ne, ya raɗa mata suna Nalubega."

Bukenya! Rumfa gaba ɗaya ta juyo tana kallona. Ɗalibaina na tsalle a kan benci. Nanfuka ta ce, "Malama, ashe haka kike da kina yarinya?" Na rasa inda zan sa fuskata. Daga nan duk wanda yarinyar ta sara da takobi sai a ce, "Malama ta yi bulala!" Ban yi fushi ba. Zan dai ja kunnenka in na gan ka.

Mzee ya yi ta gyaɗa kai, ya ce ɗa na uba ne, wannan ba gardama. Amma na ga yana lissafi da yatsu. Da Mubiru ya same ta a bakin rijiya ya miƙa hannu, sai tsohon ya zabura.

"Dakata! Mutum ba ya auren dangin uwarsa. Uwar Mubiru 'yar wane dangi ce? In Mazo ce, an koma gidan jiya!"

Kowa ya yi tsuru. Kawooya ya kai hannu zai kashe. A fim ɗin ma ba mai magana, sai iska na kaɗa ganye. Can sai muryarka, a natse: "Mzee Nsubuga, na san ka miƙe. Uwar Mubiru 'yar dangin Biri ce. Zauna, ana kallo."

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Wani ya faɗo daga kan taga. Kawooya, wanda shi ɗan Biri ne, yana buga ƙirji yana cewa, "Ashe ɗan 'yar'uwata ne! Shi ya sa ya iya faɗa!" Mzee ya je ya duba bayan talabijin, ya dawo ya zauna. Ya sa hularsa ya ce, "Yaron ya yi hankali." Da aka riƙe hannu bai juya baya ba.

Kar kanka ya kumbura, akwai ƙorafi. Samari sun ce takobi ya yi kaɗan a wannan kashi. Nanfuka ta ce kana yawan surutu a wurin kuka, ka bar mutum ya yi kukansa. 'Yan dama kuma sun ji haushin yadda Sarkin Sama ya ƙare, suna cewa mutumin kirki ne aka ƙi fahimta. Har yau ana musu a bakin ruwa kan ko Nalubega ta tuna rayuwarta ta farko, don in ta tuna, in ji wasu, da sauran magana.

Washegari na buɗe ƙofa na tarar da kan matoke guda da Mzee a tsaye cikin farar riga. Ya ce sun ɗauki 'yar Mazo ba su gaida gwaggonta ba, ya zo gyara. Na karɓa, na ce a riƙe mana ita da kyau, tana da zafin hannu.

Kawooya ya ba mai kwalekwale saƙo zuwa ga Hajji: duk fim ɗin da ke da muryar ɗan Matovu a aiko, ko na kiwon agwagi ne. Kujerar taka ce.

Saura abu ɗaya. Kana magana da mutanen nan daga cikin ɗan ɗaki, ba ka taɓa jin sun mayar maka ba. Kawooya na da lasifika. Ya ce in ka zo hutun Agusta zai rage muryar fim ya miƙa maka, ka yi a gabansu, baki da baki. Mzee ya riga ya ce yana da tambayoyi game da kakannin Sarkin Sama. Zo ka gwada. Na ajiye maka wuri, ba a baya ba.

Gwaggonka,
Nalubega mai takobi